Kurakuran da ake tafkawa wajen zaɓen giyar aksul na baya a tsofaffin motocin Amurka

Mai tsohuwar Chevelle ko Mustang ko Charger, da zarar ya gama gyaran inji, hankalinsa sai ya koma kan aksul na baya. A cikinsa akwai giya biyu: babba mai kama da zobe, da ƙarama da farfela (sandar da ke kawo juyi daga giyabos) ke juyawa. Ka raba haƙoran babbar da na ƙaramar, lambar da ake magana a kai ke nan. Haƙora 41 da 11 su ne 3.73, wato farfela ta juya sau uku da kusan kwata uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Lamba babba tana ba mota ƙarfin fizga daga tsaye, amma inji zai riƙa gudu da yawa a kan hanya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwaɗayin 4.10 ko 4.11, don an ji masu tsere suna yabonta. Masu tsere tafiyar kwata mil suke yi su tsaya. Kai kuwa za ka hau babban titi ka yi awa biyu. Kafin ka sayi komai, yi wannan lissafi: gudun da kake yi a mil, sau lambar aksul, sau lambar giyar ƙarshe, sau 336, ka raba da tsayin taya a inci. Abin da ya fito shi ne juyin inji a minti. Ɗauki taya mai inci 26, gudun mil 70 a awa (kusan kilomita 113), da giyabos irin TH350 ko Muncie da giyarsu ta ƙarshe 1.00 ce. Da 3.08 inji yana juyi kusan 2,800. Da 3.55, kusan 3,200. Da 4.10 ya haura 3,700. Babban injin V8 da ke juyi 3,700 na tsawon awa guda zai cika maka kunne da ƙara, ya yi zafi, ya sha mai kamar an huda tanki. A ganina, motar titi da ba ta da giyar doguwar tafiya (giyar ƙarshe da lambarta ba ta kai 1.00 ba, mai rage juyin inji) kada ta wuce 3.55, kuma yawancin mutane 3.23 ko 3.31 za ta fi yi musu daɗi.

Na biyu yana tafiya da na farko: zaɓen aksul ba tare da duba giyabos ba. Abin da taya ke samu a tashi shi ne giya ta ɗaya sau lambar aksul, kuma masu harkar sukan nemi abin da ya kusa 9 zuwa 10. Muncie M21 giyarta ta ɗaya 2.20 ce, ka haɗa ta da 3.08 ka samu 6.8, sai ka yi ta ƙona kuloci a kowace danja. Irin wannan giyabos 3.73 ko 4.10 take so. Ita kuwa giyabos 700R4 giyarta ta ɗaya 3.06 ce. Ka sa mata 4.10, ka samu 12.5, giya ta ɗaya ta ƙare kafin ka tsallake mahaɗa, taya na ta ƙugi a banza.

Akwai masu kuskure ta ɗaya gefen, kuma ba a cika maganarsu ba. Mutum ya sa giyabos mai giyar doguwar tafiya, 0.70 a 700R4 ko 0.67 a AOD ta Ford, ya bar tsohuwar 2.73 a baya. Da 700R4, a mil 70 juyin inji ya sauka kusan 1,730. In injin yana da kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) irin na tsere, a wannan juyi ba shi da ƙarfi, sai ya riƙa kakari, giya na hawa tana sauka a ɗan tudu kaɗan. Da 3.73 a baya, juyin zai zauna wajen 2,360, ga fizga a gari ga kwanciyar hankali a hanya. Shi ya sa in kana da niyyar sauya giyabos ko kamshaf, ka fara da su, aksul ya zo daga baya.

Taya ma giya ce, ana mantawa. Ka tashi daga inci 26 zuwa 28, 3.73 ɗinka ta koma kamar 3.46. Ka yanke shawarar taya tukuna.

Wani abin mamaki, da yawa ba su san lambar da ke cikin motarsu ba. Motar da ta yi shekara hamsin ta wuce hannaye, kuma alamar da ke jikin aksul ba lallai ta faɗi gaskiya ba. Ka ɗaga bayan da jak, ka sa tallafi mai ƙarfi, ka yi alama da alli a farfela da taya. In tayoyin biyu suna juyawa gefe ɗaya tare, juya taya sau ɗaya ka ƙirga juyin farfela. In ba haka ba, bar taya ɗaya a ƙasa, ka juya ɗayar sau biyu.

Sai batun sayen kaya. A aksul na kamfanin General Motors (GM) mai kusoshi 12, gidan da babbar giya ke zama a kai kala uku ne, gwargwadon lamba. Wanda ya ɗauki 2.73 ba zai karɓi 3.73 haka kawai ba, sai an sauya gidan ko an nemo giya mai kauri da aka yi domin hakan. Ford mai inci 9 (aksul ɗin Ford da faɗin babbar giyarsa inci 9 ne), da aka fara a 1957, ba ta da wannan matsala, kuma cikinta gaba ɗaya ake zarewa ta gaba, shi ya sa masu son sauye-sauye ke rububinta.

Ɗaurawa kuma ba aikin kowane bakanike ba ne. Sai an auna zurfin ƙaramar giya da ratar da ke tsakanin haƙora, an shafa fenti an ga inda suke haɗuwa. In aka yi da ka, aksul zai yi ta kuka, kuma kukan ba ya tafiya da kansa. Bayan an ɗaura, a yi gajerun tafiye-tafiye ana barin aksul ya huce, a guji jan kaya da taka totur har ƙasa, a sauya mai bayan mil 500. In aksul ɗin mai kuloci ne a ciki, a zuba masa ƙarin man da aka tanada dominsa. Agogon gudu ma zai fara ƙarya, domin daga giyabos yake karanta gudu, sai an sauya ƙaramar giyarsa ta dace da sabuwar lambar.