Masu neman bizar karatu ta Ingila, kar ku jira CAS

'Yan uwa, da kun samu admishan ku zuba kuɗin da za ku nuna wajen neman biza a asusu tun yanzu, kar ku ce sai makaranta ta turo CAS, wato lambar tabbatar da ta ɗauke ku, wadda ake neman biza da ita.

Dokarsu ita ce kuɗin makaranta na shekarar farko da na zama na wata 9 su kwana 28 a jere a asusu kafin ka cike fom. To in ka tsaya jiran CAS sannan ka fara ƙirge, wata guda ya tafi a banza, ga layin biza a Agusta ba a magana, wani har a fara lakca yana gida.

Kuma don Allah ka sa da rara sosai. Canjin da ke shafin OANDA (shafin intanet na canjin kuɗi) na ranar da ka tura fom suke bi, in naira ta faɗi a tsakani kuɗin da ya isa jiya yau ya gaza.

Inda abin ke ɓaci: in kuɗin ya sauka ƙasa da adadin ko na yini ɗaya, ko da cajin banki ne ya ciri ɗan wani abu, ƙirge ya koma farko. Sitetimen kuma kar ya wuce kwana 31 ranar da za ka nema.

Asusun kawu ko yaya ba ya aiki wallahi, komai kuɗinsa. Naka, ko na mahaifi ko mahaifiya, haɗe da takardar haihuwarka da wasiƙar amincewarsu.