Yadda Ake Zama Marubuci, Furodusa da Daraktan Finafinan Barkwanci a Kannywood

Duk wanda ya ƙuduri aniyar haɗa rubutu da shiryawa da ba da umarni a finafinan barkwanci, waɗanda 'yan Kannywood ke kira camama, ya kamata ya san cewa sana'o'i uku ya ɗauko, kuma ba kullum suke jituwa ba. Marubuci yana son a ɗauki duk abin da ya rubuta, darakta yana son a maimaita fitowa har sai ta yi masa, shi kuwa furodusa hankalinsa na kan faɗuwar rana da kuɗin hayar kyamara. Idan mutum ɗaya ne ya tara ukun, to shi da zuciyarsa za su yi ta wannan gardama. Saboda haka ya fi dacewa ya koye su ɗaya bayan ɗaya, ya fara da rubutu, domin shi ne ba ya cin komai sai biro da takarda.

Jarin marubucin barkwanci kunnensa ne. Tun kafin a san kyamara Bahaushe yake da 'yan kama, da tashen watan azumi, da wasan taubasai, da kuma tsokanar da ke tsakanin Fulani da Barebari ko Kanawa da Zagezagi. Wannan gado yana nan da ransa a majalisa, da teburin mai shayi, da cikin A Daidaita Sahu, kuma a nan ya kamata mai koyo ya riƙa zama yana rubuta abin da ya ji. Sai dai magana mai ban dariya ita kaɗai ba ta zama labari. Abin nema shi ne mutum mai wata buƙata, wanda ya yi ƙarya ko wayo don ya cim ma ta, sannan wayon ya juyo kansa. A ɗauki misalin saurayin da ya ari babbar riga a hannun wani dattijo da sunan zai je ta'aziyya, alhali gaisuwar surukai zai je, ya isa ya tarar mai rigar yana zaune cikin iyayen yarinya. Aka kawo tuwo da miyar manja. Daga nan kowace loma da saurayin ya ɗaga, idon dattijo na bin ta har baki, kuma babu wanda ya isa ya ce uffan, domin kowannensu yana da abin da yake jin kunya. Marubucin da ya gina irin wannan tarko ya gama rabin aikinsa tun kafin ya rubuta magana ko ɗaya.

An daɗe ana yin camama ba tare da cikakken rubutu ba: darakta ya ba 'yan wasa labari da baki, su kuma su cike sauran daga kansu. Hakan ya yi tasiri ne saboda an sami masu baiwa irin marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya bar aikin gidan yari ya rungumi wasa, ya kuma riƙe wannan fage har rasuwarsa a watan Disamba na 2014. Sabon shiga da ya dogara da wannan hanya ba tare da irin wannan ɗan wasa ba, surutu zai tara, ba fim ba. Shawarata ita ce a rubuta kowace fitowa, a bayyana inda ta fara, da abin da kowa yake so, da maganar da za ta rufe ta, sannan a bar tsakiyarta a buɗe domin ɗan wasa ya yi tasa fasahar.

Ba da umarni kuwa a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ake koyonsa. Akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos ga mai hali, amma ko wanda ya yi karatun yana buƙatar ya bi wani darakta na ɗan lokaci. Aikin kontiniti ya fi kowanne amfani ga mai koyo, saboda mai yin sa ne yake lura cewa hular da ta karkata hagu da safe ba ta koma dama da yamma ba, kuma a tsaye yake kusa da darakta yana ganin dalilin kowane hukunci.

Idan aka zo kan shiryawa, lissafi ne gaba da komai. Kowane sabon wurin ɗauka yana nufin kuɗin mota da abinci da ɓata lokaci, don haka fim na farko ya taƙaita a gida ɗaya da ƙofar gida da shago. A rubuta yarjejeniya da kowane ɗan wasa, ko da aboki ne, a fayyace kuɗinsa da ranakun aikinsa. Kasuwar ma ta sauya. Zamanin da furodusa ke kai kaset ko faifai kasuwar Ƙofar Wambai da ke Kano ya jira ciniki ya wuce, satar fasaha da tura finafinai a waya sun karya shi. Yanzu hanyoyin su ne tashoshin talabijin irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da tallan 'yan kasuwa a cikin shiri, da kuma YouTube, inda ake buƙatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin tasha ta fara samun kuɗin talla. Wannan ne ya sa gajerun shirye-shirye masu fita kowane mako suka fi dacewa da mai ƙaramin jari. Wanda zai yi aiki a Kano kuma dole ya yi rajista da Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ya kai mata aikinsa kafin ya sake shi. Ko babu hukuma, mai hankali zai nisanci wasa da addini da naƙasa, ya kuma tuna cewa tsokanar da Bafulatani zai karɓa daga Babarbare da dariya, idan ta fito daga bakin wanda ba abokin wasansa ba, zagi ce.

A wurin ɗauka, darakta ya sa ido kan fuskar mai sauraro fiye da ta mai magana, domin a misalin rigar nan, dariyar tana fuskar dattijo ne. Kada ya yi gaggawar tsayar da kyamara, sau da yawa abin da ɗan wasa ya yi bayan ya zaci an gama shi ne ya fi armashi. Ya kula da sauti ƙwarai, ya nisanta janareta daga makirfo, saboda mai kallo yana yafe hoto mai duhu amma ba ya dariyar maganar da bai ji ba. Dariyar ma'aikata a lokeshan kuma ba ma'auni ba ce, su sun san ɗan wasan, kuma a gajiye suke.

Ma'aunin gaskiya yana ɗakin edita. Bayan an haɗa fim, a tara mutum biyar ko shida waɗanda ba su san labarin ba, maza da mata, a kunna musu, darakta ya koma baya ya yi shiru da agogo a hannunsa. Duk inda ya ga wani ya ɗauko waya yana dubawa, ya rubuta mintin, ya koma washegari ya rage wannan fitowa ko ya cire ta gaba ɗaya, ko da ita ce ta fi cin kuɗi wajen ɗauka.