Yadda za ki zaɓi siket ɗin yunifom da takalmin aiki in ke sabuwar nas ce

Duk lokacin da aka turo mana ɗalibai wod, sati ɗaya ya ishe ni in gane wadda ta yi siyayya don madubi da wadda ta yi don aiki. Ran Litinin kowa tsaf, fari ƙal, takalmi sai sheƙi yake. Kafin Alhamis sai ki ga wata tana ɗingishi, wata ta take bayan takalmin ta mai da shi silifas, wata kuma siket ya ɓarke ta baya tana ta jan hijabi tana bin bango. To ƙannena ku matso ku ji.

Da farko dai kar ki yanki ko yadi ɗaya sai kin ji abin da makarantarku ko asibitinku suka ce. Kala, tsawo, siket ne ko wando, takalmi fari ne ko baƙi, kowane waje da nasa tsarin kuma metiron, shugabar nas-nas, ba ta jin "ai ban sani ba". Ki tambayi wadda take aji ɗaya gaba da ke, ba antinki da ta gama shekara 15 da suka wuce ba.

Sai yadi. In a Kano kike Kantin Kwari za ki, in ba nan ba duk babbar kasuwa akwai masu farin yadi. Ki ɗaga shi sama wajen haske ki sa hannunki ta baya, in kina ganin yatsunki to 'yan jinya ma za su ga abin da ya fi yatsu, ki ajiye musu kayansu. Sannan ki damƙe gefensa a hannu ki saki, wanda ya yamutse kamar takardar ƙosai kullum kina kan dutsen guga ke nan, ga wutar ma ba samu ake ba. Zallar auduga akwai sanyi amma ga yamutsewa, mai santsin nan kamar leda kuma in zafin Afrilu ya zo sai kin gwammace kiɗa da karatu. Ni dai tetiron mai ɗan kauri nake saya, haɗin auduga da roba, kuma ban taɓa da na sani ba. Ki jiƙa shi ki shanya kafin ki kai wa tela, in zai tsuke ya tsuke tun yanzu.

Wajen tela kuma ki tafi da takalmin aikinki a ƙafa, shi ya sa ma ni na fi son a fara sayen takalmi. Siket ya tsaya daidai idon sawu, kar ya ja ƙasa. Kin san dai abin da ke zuba a ƙasan wod, jini ne fitsari ne amai ne, duk bakin siket ɗinki zai shara ki kai gida yara su rungume ki. Kar ki yarda ya yi miki fensir, ki ce mai buɗewa ta ƙasa kike so yadda ba sai an yi tsaga ba. Aljihu biyu masu zurfi dole ne, biro da almakashi da filasta da waya duk nan za su zauna. Ƙugu a sa roba ta baya, don cikinki na ƙarfe 8 na safe ba shi ne na bayan tuwon dare ba. In kin je karɓa ki saka a nan shagon ki tsuguna har ƙasa, ki yi dogon taku, ki ɗora ƙafa ɗaya kan benci. In kin ji zare ya yi ƙara ki bar masa ya gyara. Guda 3 za ki ɗinka in da hali, 2 ma a lallaɓa. Kuma shimin ciki mai kalar fata ya fi fari ɓuya a ƙarƙashin farin yadi, mutane da yawa ba su yarda sai sun gwada.

Yanzu takalmi, nan ne ni na sha wuya shi ya sa zan daɗe a kai.

Takalmina na farko da safe na saya, misalin ƙarfe 10, lamba 39 cif-cif, mai shago yana ta "ai Hajiya fata ce za ta saki". Ban taɓa saka shi ba sai ranar da na fara dutin dare a ɗakin haihuwa. Wajen ƙarfe 2 na dare ƙananan yatsuna kamar an sa musu garwashi, zuwa asuba dunduniyata duka biyu sun yi bororo sun fashe safa ta manne a jiki, sai da na jiƙa da ruwan ɗumi ta fita. Sati 2 ina aiki da filasta a ƙafa. Kuma takalmin bai saki ba har na bayar da shi, don ashe ba fata ba ce ma.

Don haka da yamma ake sayen takalmin aiki, bayan la'asar, lokacin da kin wuni a tsaye ƙafa ta ɗan kumbura, wannan ita ce ƙafar da za ki yi aiki da ita. Ki tafi da safar da za ki riƙa sawa. Ki saka duka biyun, don yawancin mutane ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya, babbar za ki bi. Ki miƙe tsaye ki danna gaban, tsakanin dogon yatsanki da ƙarshen takalmin a samu faɗin babban yatsan hannu, kuma ki iya motsa yatsunki a ciki. Mai tsinin baki ki bar shi na biki ne. Sai ki zaga shagon sau uku huɗu ba kunya, in dunduniya tana fita tana komawa ko wani waje yana ɗan cizonki to a awa ta goma ba ɗan cizo zai yi ba. Duk mai shagon da ya ce miki zai saki ki ce masa ya kira ki in ya saki.

Sai ki cire ki juya shi. Ƙasan ya zama roba mai zane-zane, mai sumul ɗin nan in ya haɗu da tayil da aka goge yanzu ko faya ta fashe a gabanki sai dai a ɗaga ki. Ki lanƙwasa shi, ya lanƙwasu ta wajen yatsu kawai, wanda yake naɗewa biyu ta tsakiya kamar tabarma ba abin da zai riƙe miki. Ki matsa bayan dunduniyar ki ji da ƙarfi. Tudun dunduniyar kuma kaɗan, kamar inci 1, shafal ɗin nan da 'yan mata ke so wlh ya fi gajiyar da ƙafa, tafin ƙafarki zai riƙa zafi da safe in kin sauko daga gado. Kuma ya zama sau ciki, rufaffe gaba da sama. Na san takalmin robar nan Crocs akwai daɗi, amma masu hujin nan allura in ta suɓuce daga tire ta san hanya, jini ma haka, wasu asibitocin ma ba sa bari. In shi kike so ki nemi marar huji. Kambas na yadi shi ma ban so, yana shan duk abin da ya zuba, gara wanda za ki goge da tsumma shikenan.

Maganar kuɗi, na san ana ciki. In sabon mai kyau ya fi ƙarfinki gwanjo mai ƙwari irin na kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ya fi sabon banza, ki dai duba ƙasan bai cinye ta gefe ɗaya ba, ki wanke shi sosai ki sa sabon soso a ciki.

Kin saya, to ki saka shi a gida awa 2 ko 3 kullum na 'yan kwanaki kafin ki kai shi duti. In albashi ya fara shigowa ki ƙara na biyu kina musanyawa, ɗaya na shan iska. Takalmin wod kar ya shiga ɗakinki, leda daban, bakin ƙofa. Siket kuma a wanke shi shi kaɗai, Hypo kaɗan a ruwa mai yawa kar ki tsiyaya kai tsaye yana cin yadi, ɗan bula a ɗauraya ta ƙarshe, a shanya a rana, a goge tun dare in an kawo wuta.