Yadda ake gyaran tsohon ginin ƙasa kafin damina

A ƙauyukan manoma na yankin Isère, tsakanin Liyon da Girenobul a Faransa, har yau akwai gidaje da rumbuna na ƙasa da suka haura shekara 100 a tsaye. Ba tubali suke yi irin namu ba, ƙasa suke zubawa tsakanin alluna su daddaɓe ta, kaurin bango ya kai santimita 50. Abu biyu ne ya riƙe su: harsashin dutse da ya ɗaga bangon daga ƙasa, da rufin da ya zarce waje. Da yawa daga waɗanda suka lalace kuwa siminti aka yaɓa musu. Cibiyar CRAterre, wadda aka kafa a 1979, tana nazarin ginin ƙasa a can. Tsohon zaure ko soro a karkarar Rano ko Birnin Kudu ma ciwonsa ke nan: ruwa da siminti.

A fara duba gini bayan kaka, ba sai hadari ya haɗo ba. A hau soro a ga indararo: in ya toshe ko ya gajarta, ruwa zai riƙa bin bango. A ƙwanƙwasa azara. Wadda ta yi ƙarar fanko gara ta cinye ta, a sauya. Azara ba ta son tazarar da ta wuce ƙafa 6 babu tallafi.

Gindin bango shi ne babban aiki, domin nan ruwan indararo ke fantsama yana zaizaye shi. In an taɓa shafa siminti, a ɓamɓare shi a hankali. Siminti ba ya barin bango ya fitar da danshi: waje sumul, ciki kuwa ƙasa ta zama kunu, rana ɗaya sai ya zubo gaba ɗaya. A bar wurin ya sha iska ya bushe sosai. Sannan a haɗa birji, wato jar ƙasar gini, da ramno, wato ciyawar kwaɓi, a zuba ruwa a tattake, a bar shi ya kwana kamar uku zuwa bakwai ana sake tattakawa har ciyawar ta yi laushi. Ƙasa mai yumɓu da yawa tsagewa take yi, a ƙara mata yashi. Kafin yaɓe a yayyafa wa bango ruwa, in ba haka ba sabo ba zai kama tsoho ba. Kowane shafi kada ya wuce kaurin yatsa biyu, kuma sai ya bushe a ƙara wani. Rami mai zurfi da tubali ake cike shi, ba da cusa laka ba.

Shafin ƙarshe da makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa. Laso ya fi ƙarko, amma katsi (guggubin rini) da gashin jima da ake haɗa shi da su sun yi wuyar samu sai kusa da marina da majema.

A ƙarshe a tula ƙasa a gindin bango a daɓe ta da gangare zuwa waje, a ɗora faffaɗan dutse inda indararo ke zuba, a kuma matsar da turken awaki nesa da bango, saboda fitsarinsu na cin laka.