Yadda za ka auna kejin ɓeran Masar kafin ka kira kafinta

Duk wanda ya taɓa kiwon ɓeran Masar yana yaro ya san irin mazaunin da aka saba yi masa: tsohon akwatin katako, ko kwandon waya da aka ajiye a gefen akurkin kaji, wanda da ƙyar dabbobi biyu za su juya a cikinsa ba su gogi juna ba. Ana ganin tun da ƙaramin abu ne, tsawonsa bai wuce santimita 25 ba, nauyinsa kuma yakan tsaya wajen kilo ɗaya, ƙaramin wuri ya ishe shi. Wannan lissafi kuskure ne, kuma yana cikin abubuwan da suke jawo faɗa da ciwon ƙafa da mutuwar bazata da masu kiwo suke kuka da su.

Sunan da muke kiransa ma yana ɓatar da mutum. Dabbar ba daga Masar ta fito ba, asalinta tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, a ƙasashe irin su Peru da Bolibiya da Ekwado, inda aka shafe dubban shekaru ana kiwonta don nama. Halinta kuma ya sha bamban da na ɓeran gida, domin ba ta iya hawa bango ko rataya a jikin waya, ƙafafunta gajeru ne, jikinta kuma mai nauyi ne. Rayuwarta duka a ƙasa take, tana gudu daga maɓoya zuwa maɓoya, tana ci kusan dare da rana tare da gajeren barci jefi-jefi. Saboda haka idan ana maganar girman keji, faɗin daɓen ƙasa ake nufi. Kejin da aka yi wa hawa biyu ko uku yana burge mai saye, amma bene ba ya maye gurbin fili, kuma tsani mai tsayi hatsari ne ga dabbar da faɗuwa daga ɗan tudu kan iya ji mata mummunan rauni.

Ka fara da ƙirga dabbobin, kuma ka fara daga biyu. Ɓeran Masar dabbar garke ce, kaɗaici yana sa shi ya takure ya rage cin abinci, har ta kai ga ƙasar Suwizalan ta hana ajiye guda ɗaya tilo a dokar da ta fara aiki a 2008. Ƙungiyar Humane Society ta Amurka, mai kare haƙƙin dabbobi, ta ba da ma'aunin da masu kiwo da yawa suke bi: murabba'in ƙafa 7.5 shi ne mafi ƙanƙanta, ko ga ɗaya ko ga biyu, amma abin da aka fi so ga biyu shi ne murabba'in ƙafa 10.5, wato wajen inci 30 a faɗi da inci 50 a tsawo. Ga uku ana son murabba'in ƙafa 13, huɗu kuma daga 13 ɗin ake farawa a yi sama. Idan da mita ka saba awo, kejin dabbobi biyu ya kai kusan murabba'in mita ɗaya. A Birtaniya an daɗe ana ambaton santimita 120 da 60 a matsayin iyakar ƙasa ga guda biyu, kuma a ganina bai kamata mutum ya tsaya a kan wannan iyaka ba sai in babu yadda zai yi.

Ga hanya mai sauƙi ta isar da wannan ga kafinta ba tare da dogon lissafi ba. Falankin katako da ake sayarwa a kasuwar 'yan katako yakan zo ƙafa 4 da ƙafa 8. Idan aka raba tsawonsa gida uku, kowane yanki zai ba ka ƙafa 4 da inci 32, wanda ya ɗan haura murabba'in ƙafa 10.5, ya yi daidai da ƙasan kejin dabbobi biyu. Idan aka raba shi biyu kuma, kowane rabi murabba'in ƙafa 16 ne, ya wadaci uku ko huɗu. Ka roƙi a yi shi dogo maimakon murabba'i, domin dabbar tana son miƙaƙƙiyar hanya da za ta zura da gudu ta juyo, amma kada faɗin ya gaza ƙafa 2, in ba haka ba ɗaya zai riƙa tare wa ɗaya hanya. Ka kuma tabbatar awon daga ciki aka yi shi, domin kaurin katako yana cin wuri.

Maza sun fi buƙatar a ƙara musu. Maza biyu da suka tashi tare za su iya zama lafiya tsawon rai, sai dai a ƙuntataccen wuri wanda aka fi ƙarfi ba shi da inda zai ja da baya, daga nan sai kaɗa haƙora da kora da cizo a kunne da gadon baya. Idan maza ne, ka ɗauki ma'aunin uku ka ba biyu. Kada kuma ka haɗa maza biyu da mace a keji ɗaya ko da ya kai girman ɗaki.

Bayan an gama ƙera keji sai ka yi lissafi na biyu, wanda mutane da yawa suke mantawa, wato abin da ya rage bayan an shigar da kaya. Kowace dabba tana buƙatar maɓoyarta, kuma kwali mai ƙofa biyu ya fi mai ƙofa ɗaya, saboda kada a rutsa da wani a ciki. Akwai mazubin ruwa, akwai kwanon abinci mai nauyi da ba zai kife ba, akwai tulin busasshiyar ciyawa wadda ba za ta yanke ba ko da yaushe, tun da haƙoran dabbar ba sa daina tsiro kuma tauna ce take rage su. Ka jera waɗannan kaya ta yadda zai bar buɗaɗɗiyar hanya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Idan ka duba ka ga babu inda dabbar za ta yi taku goma a jere ba ta ci karo da wani abu ba, kejin ya yi kaɗan komai abin da ma'auni ya ce.

Daɓen ya zama shafaffe. Ragar waya da ake shimfiɗa wa zomaye da kaji don kashi ya zube ƙasa tana cin tafin ƙafar ɓeran Masar, wanda ba shi da gashin da zai kare shi, har ya kumbura ya yi gyambo, wani lokaci ma ƙafar ta maƙale ta karye. Ka shimfiɗa ledar ɗaki mai kauri a kan katakon don fitsari kada ya jiƙa shi, ka ɓoye bakinta yadda ba za a tauna ba, sannan ka zuba takarda da ciyawa ko aske-asken katako maras ƙura da ƙamshi. Garin katako mai laushi yana shiga hanci da ido. A nan ma girman wuri yana da amfani, domin dabbar tana yawan kashi da fitsari, kuma a ƙaramin keji wurin kwana da wurin bahaya duk ɗaya ne, zarnin fitsari ya taru ya taɓa huhu. Ka kwashe jiƙaƙƙen wuri kullum, ka sauya shimfiɗar gaba ɗaya aƙalla sau ɗaya a mako.

Tsayin bango ba ya buƙatar wuce santimita 40 zuwa 45. A ƙasashen da ake ajiye su cikin ɗaki sau da yawa ba a rufe sama, amma a gidajenmu da kyanwa da gafiya da maciji da shaho suke kewayawa, murfin raga mai sakata wajibi ne, kuma idon ragar ya zama ƙanana yadda jariri ba zai zura kai ba.

Wurin da za a ajiye kejin yana da muhimmanci kamar girmansa. Dabbar tsaunuka ce mai son yanayi tsakanin digiri 18 zuwa 24, ba ta yin gumi, kuma da zarar zafi ya doshi digiri 30 tana cikin haɗari. A Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder, inda zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, keji a ƙarƙashin rufin kwano ko a inda rana take faɗowa da azahar zai iya kashe su cikin yini ɗaya. Ka nemi ɗaki mafi sanyi ko inuwar da ba ta gushewa, ka bar gefuna biyu na raga don iska ta ratsa, ka ajiye tayil ko gorar ruwan sanyi da aka naɗe da tsumma a gefe guda domin mai jin zafi ya jingina. Da hunturu kuma sai ka rufe ɓangaren da iska take bugowa da buhu, ka ƙara ciyawa a maɓoya.

Kada ka ce za ka rage kashe kuɗi ta hanyar haɗa su da zomaye. Zomo yana iya ɗauke da ƙwayar cutar numfashi da ba ta dame shi ba amma take kwantar da ɓeran Masar, bugun ƙafarsa na baya kuma ya isa ya yi masa lahani.

Idan mace da namiji ka saya, ka sa a ƙera keji na biyu tun yanzu. Cikin yana ɗaukar kwana 59 zuwa 72, 'ya'yan suna fitowa da gashi da ido buɗe suna tafiya, uwar kuma tana iya sake ɗaukar ciki a ranar da ta haihu idan namijin yana wurin. Ka fitar da shi kafin haihuwa, ka kuma ware 'ya'ya maza idan sun cika mako uku, kowane rukuni a ƙirga shi da ma'aunin da aka bayar a sama.