Pikap ɗinka na hizga in kana tahiya sannu? Kak ka bari a buɗe pompi tukuna

Matsalar ga kusan duk mai Hilux ya san ta ko ya ji ana zancenta. Bisa gudron in ka saki mota lahiya lau take tahiya, amma da ka shigo gari, misali ranar Lahadi cikin cunkoson kasuwar Tawa kana bites ta 2 kana bin bayan amalanke, sai ta hwara hizga, gaba baya gaba baya kamar jaki mai tutsu, kan wanda ke zaune kusa da kai sai gyaɗawa yake. Ka ƙara mata wuta ta daina, ka sassauta ta koma.

Kana shiga garaji abin da za ka hwara ji shi ne "Alhaji pompi ne", wato pompin da ke tura gazuwal cikin inji. To ni dai shawarata kak ka yarda a taɓa pompi sai an gama da ƙananan abubuwa, don shi ya hi komi tsada, kuma in anka buɗe shi ga hili cikin ƙurar ga tamu, ko lahiyarshi lau da, ba lalle shi koma yadda yake ba.

Hwara da kanka, ba zagi ba ne. In ka loda buhunan albasar Galmi har sama kuma kana jan mota da bites ta 3 allurar inji na ƙasa da 1,000, dole ta yi hizga, inji ne ke shaƙewa, sauko bites ta 2 ka gani. Sannan ka dubi ƙaramin sandan 4x4. Mutum shi hito cikin rairayin wajen Abalak ko Cintabaraden shi hau gudron shi mance mota na H4, wato duk tayoyi huɗu na ja, to tayoyin gaba da na baya sun ɗaure da juna, wajen kwana sai ka ji tana cijewa tana tsalle. Maida ta H2, inda na baya kaɗai ke ja, in ya ƙi hita yi baya kaɗan sai shi saki.

In ba wannan ba ne sai a rarrabe, inji ne ko ƙarƙashin mota. Bari inji shi yi zahi, ka sa ta puwan mor, wato ba ta cikin bites, ka taka wuta allura ta kai wajen 1,500 ka riƙe ƙahwarka wuri guda kamar minti ɗaya. In allura na hawa tana sauka da kanta ko kana jin inji na tsallake bugu, to matsalar ta mai ce ko iska ko wuta. In ta tsaya cak kuma hizgar ba ta zuwa sai lokacin da kake sakin ambirayaj, wato kuloci, ko lokacin da ka taka wuta ka saki, leƙa ƙasa tukuna. Gwajin ga ba shi kama komi, akwai laihin da ba shi nuna kanshi sai da kaya, amma shina rage maka yawo ƙwarai.

Na ƙasan ba su da wuya. Ja birkin hannu, buɗe kapo, ka sa wani shi tsaya daga gehe (ba gaban mota ba don Allah) kai kuma ka sa bites ta 1 ka ɗan saki ambirayaj kaɗan ka maida, ka sake yi da ta baya. In inji na ɗagawa sama sosai shina dawowa da ƙara, robobin da inji ke zaune bisansu sun tsage, zahi da mai da ke ɗiga kansu ke cinye su. Bayan nan kashe mota, sa duwatsu ga tayoyi, puwan mor, ka shiga ƙasa ka kama kardan, doguwar sandar ƙarhe mai kai juyi ga tayoyin baya, ka murɗa hagu da dama. In ka ji ƙwas ƙwas ko ka ga jan tsatsa na hitowa wajen kurwaziyo, wato gaɓar da ke bakin kardan, ka samu ɓarawonka. Wadda kuma ke karkarwa wajen tashi kaɗai amma da ta miƙe shi ke nan, galibi faifan ambirayaj ne ya sha mai ko ya cinye.

Yanzu inji. Ga mai gazuwal, filtir na mai shi ne na farko, kuma nan ya kamata ka ɓata lokaci. Duk wanda ke shan mai na ruwa-ruwa ko na tano ga ƙauyukan hanya, ko mai barin tanki rabi-rabi kullum, ruwa da datti na taruwa mishi. Ƙarƙashin filtir ɗin akwai ɗan abin murɗawa na roba, tara kwalbar ruwa mai haske wadda ta bushe, sassauta shi, ka danna pompin hannun da ke saman filtir har mai shi zubo. Aje kwalbar ta huce. Ruwa ya hi gazuwal nauyi, za ka gan shi kwance ƙasa da layi tsakaninsu sarai, wani lokaci har da baƙin gari-gari. In ka ga haka canza filtir, kuma in dattin na da yawa a sauke tanki a wanke shi har da ragar da ke ciki, in ba haka ba sabon ma sati nawa zai yi. Hitilar filtir da ke kamawa ga tablo kuma ba ado ba ce, wasu har cire wayarta suke don ta dame su.

Bayan ka sa sabo danna pompin hannun nan har shi yi tauri. In ya ƙi tauri, ko ya yi amma da sahe ka tarar ya saki mota na wuyar tashi, iska ke shiga. Iska cikin gazuwal na sa hizga daidai irin wagga, kuma abin haushi ba ka ganin ɗigo don ciki take tsotsa ba waje take zubarwa ba. Dabarar ita ce ka sa guntun tiyo mai haske tsakanin filtir da pompi ka tada mota ka zuba ido, in kumfa na wucewa bi tiyo ɗaya ɗaya, koliye (zoben da ke matse tiyo) da ya saki, roba da rana ta busar, ko kan filtir ɗin kanshi ya tsage. Murhin tanki ma buɗe shi bayan tahiya, in ya ja iska da ƙarhi huuu to mashaƙar tanki ta toshe. Filtir na iska kuwa lokacin hunturu kak ka jira kilomita, hiddo shi ka duba, a hura shi daga ciki zuwa waje, ban da bugawa ga taya.

Masu Vigo D-4D, wato injin 2KD da 1KD na tsakanin 2005 da 2015, akwai wani ɗan abu bayan pompi da ake ce ma SCV, shi ke auna man da ke shiga pompi. In ya hwara maƙewa mota na hizga ga ƙaramin gudu, wani lokaci ta mutu ga ralanti, wato inji na aiki ba ka taka wuta ba, ko ta rasa ƙarhi sai ka kashe ka sake tadawa. Ana canza shi shi kaɗai ba sai an sauke pompi duka ba, sai dai a wanke wurin tas kahin a kwance, kuma a sai mai lamba daidai da naka don ba iri ɗaya ba ne duka. Sai EGR, mai maida hayaƙi cikin inji, motar da ke yawan yawon cikin gari baƙin toka na cika shi har shi kasa ruhewa, a kwance a wanke. Kuma gargaɗi, injin ga ƙarhin man da ke cikin bututun anjektar, masu hesa mai cikin inji, na wuce bar 1,000, shina huda hwata. Waccan dabara ta sassauta bututu inji na aiki don a gano silindar da ta mutu, ta tsohin 3L da 5L ce, kak ka bari yaron garaji shi gwada ta ga D-4D.

Mai esansi, kamar 2TR mai lita 2.7 ko tsohuwar 22R mai karbiratar, buji za ka hwara hiddowa ka jera su yadda suke cikin inji. Wadda ta yi baƙi ko ta jiƙe ita ke gaya maka silindar da ke da laihi. In kana zargin bobin, mai ba buji wuta, musanya ta da ta kusa ka ga ko laihin ya bi ta, kahin ka kashe kuɗɗi. Mai wayoyin buji kuma tada ta da dare cikin duhu ka buɗe kapo, waya mai yoyo za ka ga wuta na tsalle. Sai ƙananan tiyo na iska da sunka tsage, da bakin papiyon, ƙohwar da iska ke bi ta shiga inji, da ya yi datti. Na'urar auna iska da ke bayan filtir na iska a hesa mata maganin wankinta kawai, kak a sa tsumma ko yatsa, siririyar wayar ciki ba ta son taɓi.

In motarka na da wurin sa na'urar bincike, biya a sa mata, ya hi canza kaya da ka. P0300 zuwa P0304 inji na tsallake bugu, P0171 iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, P0087 ƙarhin mai ya kasa, P0401 hanyar EGR. Amma lambar hanya take nunawa, P0087 na iya zama filtir da ya toshe kawai, don haka ka rubuta ta ga waya kahin a goge.

Sai duk wanga ya wuce babu sauyi sannan a kai anjektar wurin masu benci, wato na'urar gwajin anjektar, a gwada su, daga nan pompi, kuma wurin da ke da ɗaki ruhe. Abu guda za ka riƙa canzawa kana gwadawa, tsohon kayan kuma ka karɓi abinka. Gwajin ma ba zagayen garaji da mota wayam ba, bari ta yi zahi, ka ɗora mata kaya irin wanda ka saba, ka sa bites ɗin da take yin abin ka bi hanya mai ɗan hawa a hankali, makanike na zaune kusa da kai shi ji da kunnenshi.