Yadda Ake Daidaita Silindar Iska a Jikin Inji

Duk mai haɗa injin da iska ke sarrafawa, ko a Sabon Gari yake aiki ko a Samaru a yankin Zariya, ya kamata ya fara da lissafin ƙarfin da yake bukata. Silinda bututu ce mai fistan a ciki, wato ƙarfen da iska ke turawa gaba da baya. Ana samun ƙarfin silinda ne idan aka ninka matsin iska da girman filin fuskar fistan. Silinda mai faɗin ciki milimita 50 daga gefe zuwa gefe tana tura kusan kilo 120 a matsin bar 6 (bar ma'aunin matsin iska ne), amma wajibi ne a bar rara saboda gogayya.

Batun gudu shi ne ya fi wahalar da masu koyo. A ɗaura bawul ɗin rage gudu a kan iskar da ke fita daga silinda, ba wadda ke shiga ba, domin iska tana matsuwa, kuma idan aka takura mashigarta fistan zai riƙa tafiya yana fizga. A rufe bawul ɗin kusan gaba ɗaya, sannan a riƙa buɗe shi kaɗan-kaɗan har tafiyar ta daidaita.

Ƙurar hunturu a Zariya tana toshe matatar kwamfaresa, wato injin da ke matsa iska, da wuri, saboda haka a riƙa duba ta. Da damina kuwa, a zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfaresa kullum.